Mece ce karkatar samfur a binciken kafafen sada zumunta?

Karkatar samfur ita ce mai bincike ya ɗebi wani ɓangare na jama'a ya ce su ne wakilan kowa, alhali ba su yi kama da sauran ba. Kamar mai sayen masara ne a kasuwar Sabon Gari da ya duba bakin buhu kawai ya biya kuɗi, bai zura hannu ya ga ta ƙasa ba.

Ɗalibai da yawa a harabobin Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo a Zariya yanzu daga Facebook ko X suke kwaso bayanan furojet, sannan su sa wa aikin suna "ra'ayin mutanen Zariya". To su wa ke rubutu a can? Mai babbar waya da kuɗin data, wanda ya yi boko, galibi matashi. Manomin Giwa da dattijuwar da ke cikin Birni, masu sauraron rediyo, ba sa cikin lissafin. Hirar da ta fi zafi ma a WhatsApp ake yin ta, da saƙon murya, inda mai bincike ba shi da hanyar shiga.

Yawan bayanai ba ya maganin wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da aka aika wa tambaya, da yawansu daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci aka samo su, wato masu hali.

Mu ma muna da namu misalin. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter (wato X a yanzu) a Najeriya. Duk wanda ya kwashi bayanai a watannin nan, muryar masu iya amfani da VPN, manhajar kauce wa toshewar, ya ji.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun Hausarmu. Wani zai rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "qasa". "Gaskiya" ta koma "gsky". Manhajar da aka ba ta rubutu ɗaya ta nemo, sauran sun wuce ta. Ga kuma asusun bogi, mutum ɗaya da sunaye goma.

Bayanan suna da amfani, in dai ɗalibi zai faɗi a fili daga wace kafa ya ɗebo su, a wane lokaci, da waɗanne kalmomi. In yana son jin ta bakin Zazzagawa kuwa, sai ya ɗauki takardar tambayoyi ya shiga unguwanni.