Ma'anar "whitelist", da dalilin da ya sa ba kowa ake bari ya zama ɗan sanda a GTA RP ba

'Yan kirifto ne suka fara cika mana kunne da ita. "Ka shiga whitelist?" Wato ko lalitarka na cikin waɗanda aka yarje wa su sayi sabon kwabo kafin a buɗe wa kowa da kowa. Yanzu kuma ta sake shigowa ta bakin masu haska wasan bidiyo na GTA (Grand Theft Auto) kai tsaye a dandalin Twitch da TikTok, kuma kusan duk wanda ya tashi fassara ta sai ya ce "layin manya" ko "jerin 'yan gata". Wannan fassarar ce ke ɓata komai, don da zarar an ɗauke ta a matsayin gata, duk dokar da ta biyo baya sai a riƙa ganin ta wariya ce.

Kalmar ƙanwar blacklist ce, baƙin jeri, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Ingilishi tun ƙarni na 17. Sai dai bambancinsu bai tsaya a launi ba. A baƙin jeri, ƙofa a buɗe take, kowa ya shiga sai wanda aka rubuta sunansa. A farin jeri ƙofar a rufe take ga kowa, sai wanda aka rubuta. Abin da aka juya shi ne hukuncin baƙon da ba a sani ba: can ana kyautata masa zato har sai ya yi laifi, nan kuma yana jira a waje har sai an san shi. Babu maganar girma ko kuɗi a ciki. A 2020 ma hukumar tsaron intanet ta Birtaniya da masu kula da manhajar kwamfuta ta Linux sun daina amfani da fari da baƙin, suka koma cewa jerin izini da jerin hani, wanda a gaskiya ya fi bayyana abin da ake nufi.

A duniyar RP (roleplay, wato taka rawa a cikin wasan), inda mutum ke ƙirƙirar tauraro, ya ba shi suna da tarihi da sana'a, ya riƙa magana da yawunsa kamar ɗan wasan kwaikwayo, abubuwa uku ne ake cakuɗawa a ƙarƙashin kalmar. Na farko izinin shiga sabar kanta, wato filin intanet da 'yan wasa ke haɗuwa su yi wasa tare. Mutum zai cike takarda, ya tabbatar ya kai shekara 18, yana da makirfo mai kyau, ya haɗa asusunsa na manhajar hira ta Discord da lasisin wasan, ya rubuta tarihin tauraronsa, ya amsa tambayoyi irin su "an ɗora maka bindiga a ka, me za ka yi?" Wanda ya ce zai zaro tasa ya faɗi, don dokar kusan kowace sabar ita ce tauraro ya ji tsoron mutuwa kamar mai rai ɗaya. Na biyu fifiko a layi: sabar kyauta ta FiveM, manhajar da ake buɗe sabobin GTA RP da ita, mutum 48 take ɗauka, masu biyan kuɗi na iya kai ta har 2048, amma manyan sabobi irin su NoPixel kullum masu son shiga sun fi gurbi yawa, sai a sayar da damar tsallake layi. Wannan ciniki ne, ba whitelist ba ne, ko da kuwa an kira shi haka.

Na ukun shi ne ainihin abin da ake faɗa a kai: ka shiga sabar, amma an ce ba za ka zama ɗan sanda, ko alƙali, ko likitan gaggawa, ko shugaban gungun 'yan daba ba sai ka sake neman wani izinin.

Dalilin farko shi ne iko a kan lokacin wani. Direban tasi ko mai sayar da abinci a wasan, in ya lalace, kansa ya cuta. Ɗan sanda kuwa yana da maɓallin da ke sa wa wani ankwa, ya caje shi, ya kwashe kayan da ya yi sati yana tarawa, ya tura shi gidan yari. A yawancin sabobi "wata" ɗaya na ɗauri minti ɗaya ne na gaske, don haka hukuncin wata 60 na nufin wani mutum a gidansa zai zauna awa guda yana kallon bango. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Shi ya sa ake bin matakai: takardar neman aiki, hira da murya, makarantar horo, sannan zaman kurtu yana bin wani gogagge a mota na wasu kwanaki kafin a bar shi ya fita sintiri shi kaɗai.

Dalili na biyu lissafi ne. A ce sabar na ɗaukar mutum 64. In 45 suka zaɓi fashi, 'yan sanda 3 ne a bakin aiki, ba za a yi wasa ba, farauta za a yi. In kuma aka juya, 'yan sanda 25 suna bin ɓarawon mota ɗaya, gobe ba zai dawo ba. Don haka ake rubuta wa injin wasan ƙa'ida cewa shago ba zai fasu ba sai akwai, misali, 'yan sanda 2 a kan aiki, babban banki sai 5 ko fiye, sannan a ƙayyade 'yan fashi kada su wuce 4 ko 6 a aiki ɗaya.

Amma babban dalili, wanda ya fi wahalar shiga kai, shi ne akwai taurarin da ƙarancinsu shi ne darajarsu, kuma babu inda aka ga haka ƙarara kamar Star Wars Galaxies, wani wasan intanet daban da aka gina a kan finafinan Star Wars. Kamfanin Sony Online Entertainment ya fito da wasan a watan Yunin 2003, an kuma ajiye labarinsa a zamanin da aka kusa ƙarar da Jedi, mayaƙan nan masu takobin haske, daga doron duniya. Matsalar ita ce kusan duk wanda ya sayi wasan Jedi yake mafarkin zama. In an buɗe wa kowa, labarin ya zama ƙarya, sannan wa zai yarda ya zama tela ko makaɗi alhali ga takobin haske a hannun maƙwabcinsa? Sai masu tsara wasan suka rufe ƙofar, suka kuma ɓoye makullin. Kowane tauraro an ɗaura masa wasu sana'o'i a asirce daga cikin sama da 30, sai ya ƙware a duka kafin gurbin Jedi ya buɗe masa, kuma ba a gaya wa kowa cewa haka tsarin yake ba. Sai a watan Nuwamban 2003 mutum na farko ya dace. Wanda ya samu ɗin ma ba hutu ya samu ba: in ya yawaita zare takobi a bainar jama'a sunansa zai fita a allon masu farautar kai, waɗanda su ma 'yan wasa ne, kuma da farko in ya mutu sau uku tauraron ya tafi ke nan har abada.

Sai aka fara sassautawa. Aka fito da wasu akwatuna da ke raɗa wa mutum sana'ar da zai bi. Asiri ya tonu, kuma abin da ya biyo baya shi ne darasin. Kowane tauraro maki 250 yake da shi na koyon sana'a, sai ya ajiye wata kafin ya ɗauki wata. Likitan da gari ya dogara da shi ya watsar da likitanci ya koma koyon dafa abinci, maƙerin makamai ya rufe shago ya koma rawa, ba don suna so ba, don kawai su cike jerin. Wasan da aka gina a kan mayaƙi na buƙatar likita ya warkar masa da rauni, yana buƙatar makaɗi ya cire masa gajiyar yaƙi, sai ya zama kowa na gudun fanfalaƙi zuwa wuri ɗaya. A Nuwamban 2005 kamfanin ya rushe tsarin gaba ɗaya, ya mayar da sana'o'in guda 9, Jedi na ciki, ana zaɓarsa tun ranar farko. Tsofaffin 'yan wasa da yawa suka tattara suka tafi. An rufe wasan a Disambar 2011. Da yawan dokokin da ake gani yau na "dodanni kada su wuce kaza" ko "sai da izini za ka taka basarake" daga irin wannan tsoron suka samo tushe.

Akwai kuma waɗanda ake haramtawa ɗungurungum: tauraro yaro ƙarami, kwaikwayon wani sanannen mutum mai rai, ɗan ta'adda. Mai kisan ɗauki ɗai-ɗai da ɗan sanda mai cin hanci galibi sai da amincewar masu kula, saboda su biyun su ne mafakar wanda ke son ya kashe mutane babu dalili, ko ya saki abokansa, ya ce ai halin tauraronsa ne. Wasu sabobin ma ba sa barin mutum ɗaya ya riƙe ɗan sanda da ɗan daba a lokaci guda, don abin da ya ji a ofis da safe da wuya ya manta shi da dare.

Duk wannan ba ya nufin tsarin ba shi da aibi. Takardar neman izini iya rubutu take aunawa, ba iya taka rawa ba. Wanda Ingilishi ba harshensa ba ne kan faɗi tun a nan, alhali wani ya sa manhaja ta rubuta masa tarihi mai daɗi ya wuce. Masu tantancewa kuma 'yan sa-kai ne, takardu na yin makonni a hannunsu, kuma in ba a sa ido ba gurabun iko kan ƙare a hannun abokai. A nan ne masu cewa "'yan gata" ke samun abin kamawa, amma laifin na masu riƙe da jerin ne. Mafi muni shi ne sayar da gurbin. Tun Nuwamban 2022 Rockstar, kamfanin da ya yi GTA, ya fitar da ƙa'idojin da suka hana sabobin RP sayar da kuɗin cikin wasa da akwatunan sa'a da harkar kirifto, kuma tun da ya saye masu FiveM a watan Agustan 2023 ƙa'idojin suka ƙara ƙarfi. Duk da haka ba a rasa inda ake cewa ka biya kaza a wata a ba ka kakin ɗan sanda. Sabar da ke yin haka ta riƙe sunan whitelist, amma tambayar da jerin ya kamata ya amsa, wato ko an san mutumin nan har a danƙa masa ankwa, ba wanda ya yi ta.