Waiwaye: Wuraren da Yaƙin Biyafara Ya Karye

Idan 'yan mazan jiya da suka je bakin daga suka zauna hira, sunayen da suka fi fitowa daga bakinsu su ne Anacha, Abagana da Owerri, domin can suka bar abokansu. Amma wanda ya shimfiɗa taswira ya bi yaƙin wata bayan wata zai ga cewa tun bai cika shekara ba aka san inda ya dosa.

Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya ayyana ɓallewar yankin da sunan Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, kwana uku bayan Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. An fara harbi a Gakem, kusa da Ogoja, ranar 6 ga Yuli. Legas ta kira abin "aikin 'yan sanda", wai makonni kaɗan a kamo 'yan tawaye a dawo. Runduna ta ɗaya ta sojan tarayya ƙarƙashin Mohammed Shuwa ta ci Nsukka, kuma kafin watan ya fita Benjamin Adekunle ya sauka Bonny ta teku, ya riƙe tashar da ake lodin ɗanyen mai. Ba a yi wa wannan kamu kirari sosai ba, alhali daga ranar kuɗin mai ya fi ƙarfin Ojukwu.

Sai 9 ga Agusta. Dakarun Biyafara suka haye gadar Kwara zuwa Asaba, suka kwana a Benin kusan ba tare da harbi ba. Kwamandansu, Victor Banjo, Bayarabe ne, kuma maimakon ya ci gaba da wuta sai ya tsaya kwanaki a Benin ana ja-in-ja tsakaninsa da Ojukwu kan wanda zai mulki yankin. Ko da suka kai Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas, ƙofa ta rufe. Murtala Mohammed, ɗan Kano mai shekara 28, ya harhaɗa runduna ta biyu da duk wanda hannu ya kai gare shi, har akawuna da masu girkin bariki, ya koro su. Ya shiga Benin ranar 20 ga Satumba, kwanaki kaɗan bayan haka aka harbe Banjo da Ifeajuna, wani hafsan Biyafara, a Inugu bisa zargin cin amana. A ganina wannan ne babban juyin yaƙin. Biyafara ba ta ƙara kai hari mai nisa irin wannan ba, kuma harin ya tura Yarbawa da mutanen Benin, waɗanda da yawansu suka yi zaman 'yan kallo, cikin sahun Gowon.

Inugu ta faɗi hannun Danjuma ranar 4 ga Oktoba, hedkwatar Biyafara ta koma Umuahia. Kwana uku bayan haka sojan runduna ta biyu suka tara maza farar hula a Asaba suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Tabo ne da har yau bai goge ba, kuma ya ƙarfafa wa Ibo zaton cewa miƙa wuya mutuwa ce.

Anacha kuwa darasi ce kan taurin kai. An karya gada, aka ba Murtala shawara ya zagaya ta Idah, ya ƙi. Sau uku yana zuba sojoji a jiragen ruwa su tsallaka kogin a gaban bakin igwa, sau uku ana hallaka su, wasu ruwa ya ci. Daga ƙarshe ta Idah ɗin ya bi, ya ci garin a Maris 1968. Ranar 31 ga watan ayarin motocinsa kusan 100 ya faɗa kwanton ɓauna a Abagana. Bam ya samu tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya a kan siririyar hanya. Rediyon Biyafara ya daɗe yana yayata wannan nasara, sai dai Anacha ba ta koma hannunsu ba.

Can kudu Adekunle yana ta ɗaure bakin buhu. Kalaba a Oktoba 1967, Fatakwal a Mayu 1968. Da wannan Biyafara ta rasa teku, matatar mai da babban filin jirgi. Babbar ƙofar da ta rage mata ita ce Uli, wani yankin kwalta da aka faɗaɗa, inda jirage ke sauka da dare, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe. Ta nan abincin agaji ke shiga, ta nan ma makaman Faransa da suka biyo ta Gabon da Kwaddibuwa. Yunwa da tamowa suka kashe yara fiye da yadda harsashi ya kashe soja.

Makaman nan ne suka ja yaƙin ya ƙara shekara da ɗoriya. An yi wa birged ta 16 ta sojan tarayya, wadda ta ci Owerri, ƙawanya a garin wata da watanni, abinci sai ta sama, har ta fice a Afrilu 1969, a makon da runduna ta ɗaya ta ci Umuahia. Gowon ya sauya kwamandojin rundunoni ukun a watan Mayu, Obasanjo ya karɓi ta Adekunle. A Disamba ya tsaga abin da ya rage wa Biyafara gida biyu, Owerri ta sake faɗuwa 9 ga Janairu 1970, Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa. Philip Effiong, wanda Ojukwu ya bar wa ragama, ya yi jawabin ajiye makamai a rediyo ranar 12, ranar 15 kuma ya tsaya gaban Gowon a barikin Dodan.