Waiwaye: John Bird, daga kwanan titi zuwa Majalisar Dattawan Birtaniya

A manyan titunan Landan, a bakin shaguna da tashoshin jirgin ƙasa, za ka ga mutum sanye da jar riga mara hannu, rungume da mujallu yana tallar The Big Issue. Akasarinsu marasa matsuguni ne ko waɗanda talauci ya yi wa katutu. Mutumin da ya kafa mujallar, John Bird, ya ɗanɗani irin wannan rayuwa tun yana ƙarami.

An haife shi a 1946 a unguwar Notting Hill, wadda a lokacin matattarar talakawa ce. Yana ɗan shekara 5 iyayensa suka rasa muhalli, daga shekara 7 zuwa 10 kuma a gidan marayu ya zauna. Sai yawon titi da ƙananan sace-sace, har aka tsare shi a gidan gyaran hali na matasa. A can ne ya iya karatu da rubutu sosai. Daga baya ya shiga makarantar koyon zane ta Chelsea, ya kuma ƙware a sana'ar ɗab'i.

A Edinburgh, a 1967, ya haɗu da Gordon Roddick, wanda daga baya shi da matarsa Anita suka bunƙasa kamfanin kayan kwalliya na The Body Shop. Shekaru bayan haka Roddick ya ga marasa gida suna sayar da jaridar Street News a New York, ya dawo ya nemi tsohon abokinsa Bird don su kafa irinta a Landan. A Satumbar 1991 aka fitar da bugu na farko, wata-wata, kafin ta koma mako-mako a 1993.

Tsarin shi ne abin da ya fi jan hankalina. Mai talla yana sayen mujallar da kuɗinsa a rabin farashi, ya sayar a cikakken farashi, ribar tasa ce. Shi zai lissafa kwafi nawa zai iya ɗauka, ya tsaya a wurin da aka ba shi ko ana ruwa ko ana sanyi. Bird ya nace cewa sadaka kaɗai ba ta fitar da mutum daga ƙangi, kuma wanda ya ci guminsa yana tafiya da mutuncinsa. Wasu na ganin harshensa ya yi kaushi a kan masu ba mabarata kuɗi, amma a ganina wanda ya kwana a titi yana da hurumin faɗin haka.

Tsarin ya yaɗu zuwa Ostareliya, Afirka ta Kudu, Japan da Koriya ta Kudu. A 2020 annobar korona ta tilasta janye masu talla daga titi na ɗan lokaci, aka koma sayar da mujallar a manyan shaguna.

Tun 2015 Bird yake Majalisar Dattawa ba tare da jam'iyya ba. Kukansa a can shi ne gwamnati na kashe maƙudan kuɗi wajen agajin gaggawa bayan mutum ya riga ya faɗi, maimakon tare talaucin tun daga yarinta. Ya gabatar da ƙudurin kafa ma'aikata ta musamman don rigakafin talauci, ƙudurin da bai kai ga zama doka ba.