Kanjamau ba ta ware wasu maza ta bar wasu ba

An daɗe ana cewa kanjamau cutar maza masu saduwa da maza ce kawai. Zancen ya samo asali ne daga 1981, lokacin da aka fara gano cutar a Amurka tsakanin irin waɗannan mazan, sai ya zauna a bakin mutane.

Ƙwayar cutar HIV, wadda ke haddasa kanjamau, tana bi ta jini, maniyyi, ruwan farji ko na dubura, da nonon uwa. A duniya, mata sun fi rabin masu ɗauke da ita. Gaskiya ne saduwa ta dubura ta fi haɗari, domin fatar wurin siririya ce, tana saurin yagewa. Kwaroron roba da man sanya santsi wajen saduwa, irin wanda aka haɗa da ruwa, suna rage haɗarin sosai, haka ma PrEP, maganin rigakafi da wanda ba shi da ƙwayar ke amfani da shi don kada ya kamu. Wanda kuwa ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsa, ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i.

Ba a gane mai ita da ido. Gwaji ne kaɗai ke nunawa, kuma idan ba a daɗe da shiga haɗarin ba, a sake bayan wata 3. Duk abin da ka ji, tambayi ma'aikacin lafiya.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.