Bindiga Mai Sakata: Zaɓen Ta Hannu Don Farauta da Harbin Nesa

Bindiga mai sakata raifil ce da maharbi ke ɗana ta da hannu bayan kowane harbi: ya ɗaga mariƙin sakatar, ya ja ta baya kwanso ya fita, ya tura ta gaba ta ɗauki sabon harsashi, sannan ya kulle. Sojojin Prusiya sun karɓi samfurin Dreyse a 1841, amma Mauser 98 ta Jamus, ta shekarar 1898, ita ce ta zama abin koyi ga yawancin bindigogin farauta da suka biyo baya. Sassanta masu motsi kaɗan ne, kullinta kuma mai ƙarfi ne, shi ya sa take daɗewa ana mora, har ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, ke da kasuwa.

Daga cikin waɗanda aka fi samu akwai Winchester Model 70 (1936), Savage 110 (1958), Remington 700 (1962), da Tikka T3 ta ƙasar Finlan. Kayan gyaransu ba su da wuyar samu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen tsohuwar bindiga.

Tun kafin a je duba bindiga ake yanke shawarar harsashi. .30-06 Springfield (1906) da .308 Winchester (1952) sun wadatar ga yawancin manyan namun daji. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ya karɓu wurin masu harbin nesa saboda dukansa a kafaɗa da sauƙi, iska kuma ba ta cika karkatar da shi ba. Nauyi ma abin lura ne: mafarauci mai yini a ƙafa yana son mara nauyi, mai harbin nesa kuwa yana son kakkauran bututu da ba ya saurin zafi. Da wuya bindiga guda ta gamsar da su biyun sosai.

Darajar bindiga ta hannu tana cikin bututunta, kuma a nan ne masu saye suka fi yin sakaci, don ƙyallin ƙota ke ɗauke musu ido. Kowane harbi, zafin albarushi yana ɗan cin maƙogwaron bututun, wato wurin da ke gaban mazaunin harsashi. Harsasai masu albarushi da yawa a kan ƙunƙuntar kafa, irin su .243 Winchester da .300 Winchester Magnum, sun fi .308 saurin cinye shi. Ana cire sakata a haska cikin bututun, a ga ko layukan da ke murɗa harsashi suna da kaifi, ko tsatsa ta yi ramuka. Tsofaffin bindigogin soja sun fi fama da wannan, domin harsasan da na barin gishiri mai jawo tsatsa idan ba a wanke ba. Bakin bututun ma a duba shi da kyau: ɗan tsagu a gefensa ya isa ya watsa harbi, ko da yake maƙeri na iya gyara shi.

Sai tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. Idan ta yi yawa, kwanso na iya fashewa kusa da fuskar maharbi. Ido ba ya gane wannan, maƙerin bindiga ne ke aunawa da ma'auni na musamman, kuma bai kamata a yi harbi da tsohuwar bindiga ba kafin a auna ta. Kunama ma haka: bayan an tabbatar babu harsashi ciki, a ɗana, a sa makari (abin da ke hana bindiga tashi), a cire shi, a ga ba ta saki da kanta ba. A 2014 kamfanin Remington ya yi kiranyen wasu Model 700 masu kunamar X-Mark Pro saboda haɗarin tashi ba da niyya ba, don haka a binciki lambar bindigar. A kuma nemi tsagewa a ƙota, musamman bayan sakata inda dukan harbi ke sauka.

Ana auna saiti da ma'aunin MOA, wanda ɗayansa ya kai kimanin santimita 2.9 a nisan mita 100. Bindigar da ke tara harsasai biyar cikin wannan faɗi ta cancanci harbin nesa, muddin madubin hangen da mazauninsa na ƙwarai ne. Dokokin mallaka, lasisi da sauya sunan mai bindiga sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma dole lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta takardu kafin a biya kuɗi.