Ƙawance da NATO ba tare da zama mamba ba: abin da takardu suka tanada

A watan Agustan 2008, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Jojiya, kusan sojojin Jojiya 2,000 suna can Iraƙi suna taya Amurka aiki. Jiragen sojan Amurka suka kwaso su cikin gaggawa suka maido su gida, amma babu sojan wata ƙasa ta ƙungiyar tsaro ta NATO da ya shiga fagen daga tare da su. Jojiya ƙawar NATO ce tun 1994, kuma wata huɗu kacal kafin yaƙin shugabannin ƙungiyar sun faɗa a rubuce cewa wata rana za ta zama mamba. Duk da haka NATO ba ta karya doka ko ɗaya ba da ta tsaya a gefe, domin takardun ƙungiyar sun raba mamba da ƙawa tun da farko.

Ginshiƙin NATO shi ne yarjejeniyar da ƙasashe 12 suka rattaba wa hannu a Washinton ranar 4 ga Afrilu, 1949, wadda yau ta ɗaure ƙasashe 32. Sashe na 5 ya ce harin makamai a kan ɗaya daga cikinsu, a Turai ko a Arewacin Amurka, za a ɗauke shi tamkar hari ne a kan dukkansu, kuma kowace ƙasa za ta taimaka wa wadda aka kai wa harin da matakin da take ganin ya wajaba, har da ƙarfin soja. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka. Sashe na 10 kuma ya taƙaita ƙofar shiga ga ƙasashen Turai, bisa sharaɗin kowane mamba ya amince. Ke nan ƙasar Afirka ko ta yankin Larabawa, komai kusancinta da ƙungiyar, iyakarta ƙawance.

Shi ƙawancen iri-iri ne. Mafi girma shi ne Shirin Ƙawance Domin Zaman Lafiya, wanda aka buɗe a Janairun 1994 bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, kuma ita kanta Rasha ta shiga cikinsa a shekarar. Akwai zauren tattaunawa na yankin Bahar Rum, mai Masar, Isra'ila, Jodan, Maroko, Tunisiya, Aljeriya da Muritaniya. A 2004 aka ƙara wani shiri a Istanbul, wanda Kuwait, Bahrain, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka shiga. A kula, laƙabin babbar ƙawar Amurka da ba ta cikin NATO, wanda Kenya ta samu a 2024, dokar Amurka ce ta tanade shi ba ƙungiyar ba, kuma shi ma bai ƙunshi alkawarin kariya ba.

Takardar Shirin Ƙawance Domin Zaman Lafiya ta 1994 ta ɗora wa ƙasa ƙawa nauyi a fili: ta bayyana kasafin kuɗin tsaronta, ta sa sojojinta ƙarƙashin ikon zaɓaɓɓiyar gwamnatin farar hula, ta kuma horar da rundunarta yadda za ta iya aiki kafaɗa da kafaɗa da ta NATO. Wannan na ƙarshe ya gangara har kan ƙananan abubuwa, kamar harsashin da zai shiga bindigar sojan wata ƙasa, da na'urar sadarwar da za ta ji ta maƙwabciyarta, da bakin bututun man da zai dace da jirgin kowa. A nata ɓangaren, NATO ta yi alkawari guda: idan ƙawa ta ga barazana kai tsaye ga iyakokinta, ko 'yancinta, ko tsaronta, ƙungiyar za ta zauna ta yi shawara da ita. Kalmar da aka rubuta ke nan, shawara, kuma babu inda aka ambaci turo dakaru.

Ba za a yi adalci ba idan aka raina amfanin wannan tsari. Ta hanyarsa aka lalata tarin nakiyoyi da tsofaffin harsasai a ƙasashe irin su Albaniya da Yukren, hafsoshin da aka tarbiyyantar a kan gaba da juna suka zauna aji ɗaya. Finlan da Suwidin sun yi kusan shekara 30 a matsayin ƙawaye, shi ya sa da suka nemi shiga bayan Rasha ta mamaye Yukren, rundunoninsu sun riga sun dace da na ƙungiyar. Finlan ta shiga a Afrilun 2023, Suwidin ta biyo baya a Maris 2024. Suwizalan da Ostiriya da Ayalan kuwa suna cin moriyar horon har yau ba tare da sun bar matsayinsu na 'yan ba-ruwanmu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ƙawance ya zama alkawarin da ba shi da rana. A taron shugabannin NATO na Bukares a Afrilun 2008, Shugaban Amurka George W. Bush ya so a ba Yukren da Jojiya jadawalin shiga, Jamus da Faransa suka ƙi. Aka tashi a kan matsayar tsaka-tsaki cewa ƙasashen biyu za su zama mambobi, ba tare da an sa lokaci ko an fayyace hanya ba. A ganina wannan matsaya ta haɗa illa biyu wuri guda, domin ta isa ta harzuƙa Mosko, wadda ta daɗe tana kallon matsowar NATO a matsayin barazana, amma ba ta isa ta tsorata ta ba, tun da inuwar Sashe na 5 ba ta kai kan ƙasashen ba. Jojiya ta ɗanɗana a 2008, Yukren ta rasa Kirimiya a 2014, sannan mamaya ta zo gadan-gadan ranar 24 ga Fabrairu, 2022. Wannan bayani bai wanke Rasha ba ko kaɗan, domin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta ƙwace yankin wata ƙasa da ƙarfi, kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin zaɓen abokanta. Abin da ke ci mini rai shi ne farar hular da aka bari a fili tsakanin alkawari da kariya. Bayan yaƙin 2008 ma Jojiya ta tura sojoji fiye da 1,500 Afganistan ƙarƙashin tutar NATO, wasunsu a makara aka maido su.

Akwai wata fuskar da ta fi kusa da mu. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 domin kare farar hula a Libiya, Najeriya na cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar amincewa. Da NATO ta karɓi ragamar hare-haren sama, ƙawayenta irin su Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jodan da Suwidin suka ba da jirage, kuma shigar Larabawa ta rage wa yaƙin kamannin harin Turawa a kan ƙasar Musulmi. Aikin ya ƙare a ƙarshen Oktoba bayan kisan Gaddafi, kuma babu wata takardar ƙawance da ta ɗora wa kowa alhakin tsare rumbunan makaman da aka bari a buɗe. Makaman suka ratsa sahara tare da mayaƙa, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, Nijar da Burkina Faso kuma suka gaji rikicin. A duk yankin Sahel, Muritaniya ce kaɗai ƙawar NATO a hukumance, kuma abin da taron shugabannin NATO na Madrid a 2022 ya amince mata shi ne tallafin horo da ƙarfafa rundunarta.