Wanda ya ƙera rigar shi zai biya kuɗin kwashe tsummanta

Jama'a, duk wanda ya taɓa yashe magudanar ruwa ya san abin da ake zarowa. In an cire leda, sai tsumma: riga da wando sun cukuikuye da laka sun zama igiya, sai ƙarti biyu sun taru sannan su janyo ta. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa.

Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yanzu poliyesta ne, ɗan'uwan roba, daga man fetur ake samun sa. Ku ƙyasta ashana a bakin zare ku gani: auduga toka take zama, shi kuwa narkewa yake ya dunƙule. Binne shi ba ya sa ya ruɓe, hayaƙinsa kuma na tayar wa masu asma da ƙananan yara ciwon ƙirji.

Shi ya sa ƙasashe suka fara cewa mai kaya ya ɗauki kayansa. Kamfani zai biya wani ɗan kuɗi a kan kowace tufa da ya fitar kasuwa, a yi amfani da kuɗin wajen tattara tsofaffin kaya, a tantance, a gyara na gyarawa, a sake sarrafa sauran. Faransa ta yi dokar tun 2007, Holan ta bi a 2023. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta sa hannu a tata a 2024, Tarayyar Turai kuma ta amince a 2025 cewa kowace ƙasa cikinta ta kafa irin wannan tsari.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗin na tsayawa a ƙasar da aka sayar da rigar, tsumman kuwa ya hau jirgin ruwa da sunan gwanjo. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akra, babban birnin Gana, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta ana sauke tufafi wajen miliyan 15 a mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma bola suke ƙarewa. A ganina, dokar da ba ta bi dilar nan da kuɗinta ba, rabin aiki ta yi.

Kafin a kai can, don Allah a daina cinna wa tsumma wuta, a daina tura shi kwata. Wanda ya yage a kai wa tela, wanda ya mutu a ɗaure shi a buhu daban, a bushe, a miƙa wa masu kwashe shara.